Wayar Malama a Hannun Kakanta

"Lafiya lau, sai gajiyar jiran matar da ba ta san lokaci ba," in ji tsohon, yana lalubar marfin mota da hannun hagu, sandarsa a dama.

"Wace mata? Ni an aiko ni ne in ɗauki wani tsoho da aka ce tun asuba yana ƙofar gida yana gaida falwaya."

"Falwayar ta fi ki ladabi. Ta tsaya ta saurare ni har na gama."

Shekara talatin da takwas tsohon ya yi yana jan babbar mota kafin yanar ido ta rufe masa idon dama, ta fara cin na hagu. Yau da ƙarfe tara likitan ido zai duba shi ya sa masa ranar aiki, kuma an rubuta a katin cewa wanda ya makara sai bayan wata uku. Jikarsa ce ta nemi izini a wurin aiki don ta kai shi. Ita ce 'yar babbar 'yarsa, kowa yana ce mata Malama saboda tana koyarwa a firamare. Tun tana goye yake kiranta amaryarsa, ita kuma tun da ta yi baki take gaya masa ba ta auren mai haƙori huɗu.

Ya zauna a gaba, ta miƙo hannu ta ɗaura masa bel. Sai ya ji ta ɗora masa wani abu mai sanyi da santsi a tafin hannu.

"Riƙe."

"Kyautar safe ce? Ashe kin fara hankali."

"Aiki ne. Yau kai ne sakatare. Na cire mata makulli don kada ta ba ka wahala. In ta yi ƙara ka ga kore, ka shafa shi dama, ka ce ina tuƙi, zan kira in na tsaya. Shi ke nan. Ko 'yan aji ɗaya za su iya."

"Ni da na hau dutse na gangara da buhu ɗari shida a bayana, yau ni ne mai riƙe wa yarinya waya."

"Ai kai ka kafa dokar. Wa ya ce ranar da na taɓa waya ina tuƙi zai sa Mama ta karɓe makullin mota?"

Shi ne kuwa. Shi ya koya mata mota a filin bayan makarantarsu lokacin idonsa na gani, kuma abin da ya fara gaya mata ke nan kafin ya nuna mata birki. Don haka ya shiga juya wayar. Tasa mai maɓallai ce, ya san kowane maɓalli da yatsa kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa. Wannan kuwa ba gaba ba baya, ko'ina sumul, bai ma san ta ina ake kama ta ba.

Suka fita layin, suka hau babban titi. Ya kasa kunne.

"Har yanzu giya ta biyu kike? Motar nan kuka take."

"Ba ta da giya irin taku ta mutanen da. Da kanta take canzawa."

"To me kike yi a ciki? Sauka ki bar ta ta kai ni."

"In na sauka wa zai gaya wa likita shekarunka na gaskiya? Na ga katin, ka rubuta sittin da biyar."

"Sittin da biyar nake."

"Mama ma ta kusa hamsin da biyar. Kana da shekara goma ka haife ta?"

"Mutanen da da wuri muke girma."

Suna dab da shataletale wayar ta ɗauki ƙara tana rawa a hannunsa, saura kaɗan ya sake ta. Ya kai ta bakin idon hagu har tana taɓa masa gira.

"Ra. Ru. Ruwa. An rubuta ruwa, da wani jan abu a gefe kamar tumatir."

Malama ba ta ji ba. Tankar mai ce a hagunta, ɗan babur ya kutso ta dama, hankalinta duk yana madubi. Tsohon ya shafa sau ɗaya, wayar ba ta ɗauka ba. Ya shafa na biyu. A na uku sai ya ji muryar namiji, mai taushi, kamar ta mai karanta labarai.

"Ranki ya daɗe, kin tashi lafiya? Tun jiya nake son in ji muryarki."

Tsohon ya yi mamaki. Masu sayar da ruwa da ya sani ƙofa suke bugawa su ce a kawo bokiti. Mai ruwan da ya iya irin wannan gaisuwa ya cancanci a ɗan taɓa shi. Ya gyara murya, ya saukar da ita ƙasa.

"Kai wa kake wa ranki ya daɗe da sassafe? Mijinta ne ke magana. Ruwan ma mun daina saye."

Sai wata ƙara kamar an jefar da kwanoni, wayar ta katse.

Malama ta fita daga shataletalen tana dariya. "Allah ya shirye ka. Abin da na ce ka faɗa ke nan? Wane bawan Allah ka tsorata?"

"Mai ruwanku."

"Ba mu da mai ruwa. Famfo gare mu."

"To ni ruwa na gani a rubuce. Da tumatir."

Ba ya ganin fuska sosai, amma yana jin numfashi, kuma ya ji nata ya tsaya.

"Kaka," ta ce. Ba ta kiransa haka sai in wasa ya ƙare. "Ba tumatir ba ne. Zuciya ce."

"Zuciyar wa?"

Ta gaya masa a gutsuttsure, idonta a kan hanya. Mai haƙar rijiyar burtsatse ne, shi ya haƙa ta makarantarsu bara. Yana son aurenta, ita ma tana so. Kawunnansa za su zo ranar Asabar. Mama ce kaɗai ta sani, an bari sai an dawo daga wurin likita a gaya masa. Mutum ne da ba ya gane wasa, in ka ce masa rana ta faɗo sai ya fita ya duba. Kuma an taɓa yi masa haka, ya yi shekara biyu yana neman wata, ashe an riga an yi mata miji bai sani ba.

"To me ya sa kika rubuta shi ruwa?"

"Don kada irinku su gane."

"Ai kuwa ban gane ba."

"Ba ni wayar."

Ya ji hannunta ya baro sitiyari yana lalube a kan gwiwarsa, ya kuma ji motar ta ɗan karkata, abin da jikin tsohon direba ke ji kafin ido ya gani. Wata bas ta danna hon mai tsawo a gefensu. Ya mayar da wayar can jikin taga inda ba za ta kai ba.

"Hannu biyu."

"Minti ɗaya kawai, in gaya masa..."

"Hannu biyu, Malama. Duba gabanki."

Ta mayar da hannun. Sun riga sun fara hawa doguwar gada, ana gyaran rabinta, an mayar da motoci layi ɗaya tsakanin gangunan ƙarfe. Ba wurin tsayawa, ba wurin juyawa, kowa yana tafiya a hankali hanci a bayan wani.

Ya ɗaga hannun hagu, wanda yatsu biyu suka lanƙwashe ba sa miƙewa. "Kaset ne ya faɗi na sunkuya in ɗauka. Ban kai ƙirga uku ba. Kin san sauran."

"Na sani." "Amma in ya kira kawunnansa ya ce a fasa fa?"

Tsohon ya yi wa yarinyar nan wasan miji sau dubu, a gaban malamanta, a gaban ƙawayenta, ba a taɓa samun wanda bai yi dariya ba. Yau ga shi ya yi, kuma abin ya faɗa kan mutum ɗaya tak a duniya da zai ɗauka da gaske. Wanda ya ɓata, a ganinsa, shi ya kamata ya gyara.

"Gaya mini inda zan taɓa in kira shi."

"Kada ka taɓa komai."

"Ba na taɓawa. Dubawa nake."

Yana dubawa da babban yatsa. Fuskar wayar ta canza, ta sake canzawa, wasu ƙananan rubutu suka gudu sama. Sai ya ji tana ƙara irin ta kira. Ya kara a kunne da sauri, aka ɗauka, muryar namiji.

"Assalamu alaikum, Malama."

"Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi haƙuri, wasa nake. Ni kakanta ne. Yarinyar nan ba ta da miji, kuma ta gaya mini tana son ka. Na bar maka ita. Ka turo manyanka ranar Asabar kamar yadda kuka shirya."



"Baba, ni manyana duk sun rasu."

"Allah ya ji ƙansu. To kawunnan fa?"

"Waɗanne kawunnai?"

"Da wa kake magana?" in ji Malama.

"Da mai ruwa. Ya ce ba shi da kawu. Ke kin tabbata mutumin nan gaskiya yake gaya miki?"

"Baba," in ji muryar, "ni hedimastan makarantarsu ne. Shekarata sittin, jikokina tara. Ko dai Malama ce ta ce..."

"Kashe," in ji Malama. "Don Allah kashe. Ja, ka danna ja."

Ya nemi ja, ya danna duk abin da ya yi kama da ja, muryar hedimasta ta ɓace tana tambayar ko lafiya.

"Shi ma da kyau muryarsa," in ji tsohon a hankali. "In wancan ya fasa."

"Gobe da wace fuska zan shiga ofishinsa?"

"Da wadda kike shiga kullum. Ai ba kyau ne da ita ba balle ya rage."

Motoci suka ɗan matsa, suka sake tsayawa. Ya riƙe wayar da kyau a hannu, babban yatsansa a danne a ƙasanta don kada ta zame, ya fara shirya abin da zai faɗa in an samu mutumin. Shi kuwa ba ya iya shirya magana a zuci, sai ya faɗe ta a fili.

"Zan ce masa, ka ga, ɗana, matar nan na daɗe da ita, na gaji. Ba ta iya shayi ba, ga baki. Na sake ta, saki ɗaya, biyu, har uku. Mai ruwa ya zo ya ɗauka ranar Asabar, ni ba ruwana." Ya ɗaga yatsan ya share gumi. Wayar ta yi wani ɗan sauti, ƙit. "Ya yi, ko in ƙara?"

"Mene ne ya yi ƙara?"

"Ban sani ba. Ita ta yi abinta."

Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta fara kuka kamar 'yan tsaki. Ɗaya na shiga, wani na bin sa. Ya kai ta ido, bai ga komai ba sai ƙananan layuka suna hawa kan juna. Sai kuma tasa ta aljihu ta ɗauki ƙara. Wannan dai ya san ta. Ya danna, muryar babbar 'yarsa ta cika motar, domin kullum a buɗe yake barin sautin.

"Baba, wa ka saka?"

"Ni? Ban saki kowa ba. Muna kan gada."

"Saƙon muryarka ya shigo guruf ɗin dangi ta wayar Malama. Mutum arba'in da ɗaya ne a ciki. Ƙanena yana kuka a wurin aiki, ya ɗauka Inna ka saka. Gwaggo ta ce ta taho. Kowa yana tambaya wane ne mai ruwa."

"Wace Inna? Innarku? Shekara hamsin da shida, yanzu zan sake ta in je ina?"

"To wa ka ce ba ta iya shayi ba?"

"'Yarki."

"Ita Inna ta ce in tambaye ka, in ita ce, a ina za ta samu mai ruwan, don tankin gida ya kusa ƙarewa."

Malama ta yi wani sauti, shi bai gane ko kuka ne ko dariya ba. Ya ce wa 'yarsa za su kira in sun tsaya, ya mayar da wayarsa aljihu, ta Malama kuma ya kife ta a kan cinya ya ɗora hularsa a kai. Tana ta kuka a ƙarƙashin hular. Ya rasa yadda aka yi magana da ya yi wa kansa ta isa kunnen mutum arba'in da ɗaya, alhali matarsa da ke ɗaki ɗaya da shi sai ya maimaita sau uku take ji.

Da suka gangaro daga gadar, ya ji ƙarar sigina, ya ji motar ta shiga wuri mai inuwa da warin fetur. Gidan mai ne. Ta wuce famfunan, ta tsaya a gefe, ta ja birkin hannu, ta kashe injin. Sannan ta miƙo hannu, ya ɗaga hular ya ba ta.

Ta kira mai burtsatse, wayar ta daɗe tana ƙara ba a ɗauka ba. Tsohon yana ƙirgawa a zuci. A kira na biyu aka ɗauka, ta buɗe sautin. Hayaniyar mutane ce ta fara fitowa, wani yana cewa a ɗaga ta baya, wani yana cewa a kawo katako.

"Kana ina? Me ya faru?"

"Ina cikin kwata," in ji mai burtsatse. "Wato motar ce a ciki, ni na fito. Leɓena ne kawai ya fashe. Ina tuƙi na kira ki. Da na ji abin da aka ce sai na ciro wayar daga kunne in duba ko lambar wani na kira, ƙafar gaba ta faɗa." Ya ɗan tsaya. "Malama, da kin gaya mini tun farko, da ban..."

"Kakana ne. Uban Mama. Ina kai shi asibitin ido, na ba shi wayar ya riƙe mini."

"To. Alhamdu lillahi. Ina gaishe shi." Ya sake tsayawa. "Shi mijin fa, yana motar shi ma?"

Tsohon ya matso da bakinsa. "Ni ne."

"Ina kwana, Baba. Malama ta ce kai kakanta ne."

"Shi ma ni ne."

"Ban gane ba, Baba."

"Ni ma tun da muka hau gada ban sake gane komai ba, ɗana. Kai ba ka da kaka?"

"Sun rasu ban yi wayo ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Yanzu ya ga inda matsalar take, sai ya ji tausayin yaron. "To saurara. Ba ta da miji. Wasa ne na kaka da jika, za ka saba. Amma ina da tambaya. Kai mai haƙa rami ne?"

"Rijiya, Baba."

"Wannan ramin da ka shiga, kai ka haƙa shi?"

"A'a, Baba."

"To ka bar shiga ramin mutane. Ni makaho ne saura kwata, amma yau na fi ka ganin hanya, don ni a zaune nake wata na tuƙa ni. Ranar Asabar ku zo. In za ka kira ta, ka nemi gefe ka tsaya tukuna, muryarta ba guduwa za ta yi ba, ni shekara ashirin da shida ina neman inda zan ɓuya mata. In na ji ka sake kira kana tuƙi, na mayar da matata."

"In sha Allahu ba zan sake ba, Baba." Sai kuma a hankali, "Malama, mayarwar nan ita ma wasa ce ko?"

"Je ka a fitar da motarka, ka wanke leɓen. Zan yi maka bayani da yamma."

Ta katse. Ta yi wa guruf ɗin dangi gajeren saƙo cewa ba a saki kowa ba, Inna tana ɗakinta, Gwaggo ta koma gida, sauran bayani wurin Mama. Ta rubuta wa hedimasta layi biyu, ta goge, ta sake rubutawa. Sannan ta kashe wayar gaba ɗaya, ta jefa ta cikin jaka, ta wurga jakar kujerar baya. Ta duba agogon mota.

"Tara saura kwata. Minti bakwai ne daga nan."

"Na yi ɓarna ko?" in ji tsohon.

Ta juyo ta dube shi, hula a karkace, sanda tsakanin gwiwoyi. Sai ta kifa goshinta a kan sitiyari ta fara dariya, irin wadda ba ta fita da sauti sai kafaɗu ke rawa, har mai zuba mai ya leƙo ya koma.

"Cikin minti ashirin ka aurar da ni ga hedimasta, ka saki Inna, ka jefa mutum a kwata. An kore ka daga aikin sakatare."

"Dama aikin bai dace da ni ba. Ni direba ne."

Ya sa hannu a aljihun gaba, ya daɗe yana lalube, ya fito da alawa guda biyu a cikin takarda mai ƙyalli. Ya miƙa mata ɗaya.

"Ungo. Jiya na saya. Ɗaya in sha kafin likita ya taɓa mini ido, ɗaya bayan ya gama, in na fito da rai."

Ta karɓa tana share hawayen dariya.

"Wacce ka ba ni?"

"Ta kafin. Tsoron nawa duk ya ƙare a kan gada."

Ta ɓare ta jefa a baki, ta tayar da mota, ta duba madubi.

"To gyara hularka, angon Inna. Kada likita ya ce a bola na tsinto ka."